Neman okid a Dutsen Kamaru, daga bakin teku zuwa inda itatuwa suka ƙare

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngawundare da yamma kwana yake yi a hanya, sai hantsi ya shiga Yawunde. Mutum ya kwanta a ƙasar ciyawa da shanu, ya farka daji ya rufe taga ta ko'ina. Daga Yawunde na hau bas zuwa Duwala, na sauka wurin kawuna a unguwar New Bell, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. Albasa yake saukowa da ita daga Garwa da Marwa. Da na gaya masa abin da ya taso ni a wannan ƙarshen damina, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Fure? Ana cinsa ne, ko magani ake haɗawa da shi?"

"Kawu, kallo kawai za a yi."

"Tun daga Yola don kallon fure. To, Allah ya ba da sa'a. Boko dai ba ya rabuwa da abin mamaki."

Duk da haka shi ya nemo direba, ya kuma ce ƙafata ƙafarsa, wai kada a tatse ni a shingayen hanya. Ni malamin ilimin halittu ne, na daɗe ina zana furen okid, wani babban dangin tsirrai masu fure, da alli a kan allo, kuma na ƙudurta sai na gan shi a inda yake fitowa da kansa.

Aka haye gadar Wouri, aka ratsa Bonaberi, sai gadar kogin Mungo, wadda daga ita an shiga yankin masu magana da Ingilishi. Tun rikicin da ya ɓarke a 2016 hanyar ta cika da shingaye, ranar Litinin kuma ba a fita, saboda haka mai niyyar zuwa ya tsara tafiyarsa da wannan a ransa. Gonakin roba da ayaba da kwakwar manja suka raka mu har Tiko da Mutengene, sannan hanya ta gangara Limbe, garin da yashin bakin tekunsa baƙi ne ƙirin saboda aman Dutsen Kamaru da ke tsaye a bayansa.

Lambun tsirrai na Limbe Jamusawa ne suka kafa shi a 1892 ƙarƙashin wani masani mai suna Paul Preuss, lokacin garin yana amsa sunan Victoria, sunan da bai sauya ba sai 1982. Koko da kofi da roba suka zo gwadawa, ba fure ba. Amma itatuwan da suka dasa sun tsufa, rassansu sun yi nauyi da tsirran da ba wanda ya shuka su, kuma su na zo gani. Wani dattijo ma'aikacin lambun ya ɗauke mu zagaye. Ya tsaya ƙarƙashin wata katafariyar bishiya ya nuna sama da sandarsa.

"Malam, a nan wuya ne ke aiki. Sama ake kallo."

Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Ai wannan kauci ne."

Duk Bahaushen da ya ga tsiro a kan reshe abin da zai faɗa ke nan, amma akwai bambanci babba. Kauci huda itace yake yi ya sha ruwan jikinsa, shi ya sa yake kassara kaɗanya da ɗorawa. Okid wurin zama kawai yake nema kusa da haske. Saiwarsa manne take a bayan ɓawo, ba ta shiga ciki, abincinsa kuwa ruwan sama ne da raɓa da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a reshe. Dattijon ya janyo wani reshe na ƙasa-ƙasa ya nuna mana saiwar: fara-fara ce mai ruwan toka, kaurinta bai kai fensir ba, bakinta kore shar. Ya karɓi gorar ruwana ya ɗiga mata. Kafin kawu ya gama gyara hularsa saiwar ta rikiɗe ta koma koriya gaba ɗaya. Wani rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta ya lulluɓe ta, yana zuƙe ruwa nan take, in ya jiƙe sai koren da ke ƙarƙashinsa ya bayyana. Kusan bakwai cikin goma na okid ɗin duniya haka suke rayuwa, a kan itace.

A reshen nan ne na fara sa madubin ƙara girma a kan furen okid na daji. Bulbophyllum falcatum ne. Kowane kumburarren kara yana ɗauke da ganye biyu, daga gindinsa kuma wani sanda ya fito falale, faffaɗa, furanni sun jeru a tsakiyarsa gefe da gefe, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ta cikin madubi sai ga duk abin da nake zanawa a allo: ganyen fure uku na waje, uku na ciki, ɗaya daga cikin na cikin ya sauya siffa ya zama leɓe inda ƙwaro ke sauka. Leɓen wannan a sagale yake, da na hura masa iska sai ya kama rawa. Ƙudaje ne baƙinsa, in ƙuda ya sauka leɓen ya rinjaya ya buga shi da turken da ke tsakiyar furen. Turken nan shi ne tambarin dangin duka, domin a cikinsa gaɓar namiji da ta mace suka haɗe wuri guda. Garin furen ma ba ya watsuwa irin na masara. Dattijon ya sa tsinken sakace ya taɓa kan turken, sai ga wasu 'yan dunƙule rawaya sun biyo tsinken. Kayan da ƙuda zai ɗauka ya kai wa wani furen ke nan, gaba ɗaya a tafiya guda.

Da fure ake rarrabe okid. In babu shi, ko gwani sai dai ya ce wannan ɗan gida kaza ne, wato rukunin nau'o'in da suke 'yan'uwan juna, ya yi shiru. Shi ya sa masu bincike a Yawunde suke da rumfar inuwa inda suke rainon waɗanda suka samo a daji ba fure, su jira su wata da watanni har su buɗe, sannan a san sunansu.

Dangin yana da nau'i wajen 28,000, kuma masana sun kasa shi rassa biyar. Biyu daga ciki babu su a Afirka ko na magani. Apostasioideae, waɗanda ba su kai nau'i 20 ba, suna tsakanin kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostareliya. Cypripedioideae, masu leɓe mai aljihu da masu tara furanni ke rububinsu, suna Asiya da Turai da nahiyar Amurka. Sauran ukun duka ana samun su tsakanin wannan lambu da ƙolin dutsen. Na kan itace kusan dukansu 'yan Epidendroideae ne, reshen da shi kaɗai ya kwashe kimanin kashi uku cikin huɗu na dangin. Na ƙasa masu dankali a gindi yawancinsu Orchidoideae ne, su sai mun hau sama. Na ukun shi ne reshen banila, kuma shi ya ba kawu amsar tambayarsa.

Dattijon ya nuna mana wata igiya mai kauri, koriya, tana hawa jikin itace da saiwa a kowace gaɓa. Ya ce banila ce. Afirka tana da banilar daji tata, irin su Vanilla africana da Vanilla imperialis, amma wadda ake sa wa kek da askirim, Vanilla planifolia, asalinta Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Da aka kai ta wasu ƙasashe sai ta yi ta fure ba 'ya'ya, domin an baro ƙwarin da ke yi mata barbara a gida. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano yadda ake haɗa ta da hannu da ɗan tsinke a tsibirin Reunion a 1841, kuma har yau da dabararsa manoman Madagaska suke aiki, fure ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tambayi kuɗin kilo, aka ce masa tana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya. Daga nan ya fara duban tafiyar da mutunci.

Da la'asar ruwa ya ɗauke, sama ta washe, muka fita bakin teku. Can cikin ruwa sai ga tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini, dutsensa ya tokare sama. Tsibirin yana da labari da ya taɓa Najeriya. A 1841 Ingila ta tura ayarin jiragen ruwa su hau kogin Kwara, suka kai mahaɗar Lakwaja har suka wuce, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka ja da baya zuwa wannan tsibiri da ake kira Fernando Po a lokacin. A cikinsu akwai wani mai kula da tsirrai, John Ansell, wanda ya tsinci wani okid a jikin kwakwar manja. Masanin tsirrai John Lindley ya raɗa masa suna Ansellia africana a 1844. Na ga irinsa a wuyan wata kwakwa a bakin hanya, ba fure, sai dogayen karare da wani kwando na fararen saiwoyi masu tsini da suka miƙe sama suna tare ganyen da ke faɗowa. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, abin da ya sa ake danganta shi da damisa. Shi kaɗai ne a gidansa, amma ƙasarsa faɗi gare ta: daga Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu, a daji mai ruwa da kuma a sarari mai fari, kan giginya da goruba. Duk da wannan faɗin, yawan cire shi don magani da ado ya sa yana cikin jerin tsirran da ake fargabar raguwarsu.

Wanda ya saba ganin okid a teburin otal a Abuja ko Legas zai raina namu. Waɗancan manyan farare da shunayya Phalaenopsis ne, asalinsu kudu maso gabashin Asiya da Filifin da Taiwan, kuma a gidajen gilashi na Taiwan da Holan ake samar da su miliyan-miliyan. Cattleya mai faffaɗan leɓe 'yar Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ce. Ko a yawa ma an bar mu a baya. Kamaru tana da nau'i sama da 400, alhali Kolombiya ita kaɗai tana da sama da 4,000, Madagaska kuma wajen 1,000 waɗanda mafi yawansu ba a samun su ko'ina sai can. Masana na danganta wannan da zamunan fari da suka sha ƙanƙantar da dazuzzukan Afirka a da can, inda 'yan wurare kaɗan masu ruwa, irin wannan kusurwa ta Kamaru, suka zama mafaka. A ganina ƙanƙantar furannin namu ba aibi ba ce, sai dai tana hana a lura da su, abin da ba a lura da shi kuwa ba a jin ɓatansa.

Inda Afirka ta yi fice shi ne zuriyar Angraecum da 'yan'uwanta, su Aerangis da Cyrtorchis da Tridactyle, wadda kusan duk a Afirka da Madagaska da tsibiran kusa take. A jikin mangwaron masaukinmu akwai wani Cyrtorchis mai fararen furanni masu siffar tauraro, tsofaffin cikinsu sun fara komawa ruwan goro, kowanne da dogon bututu a bayansa. Da rana na shinshina ban ji komai ba. Bayan sallar magariba ƙamshi ya cika tsakar gidan har kawu ya tambaya ko wani ya kunna turare. Fari ne don a gan shi a duhu, ƙamshin na dare ne, ruwan zaƙin kuma yana can ƙarshen bututu inda sai babban faɗa-wuta mai dogon harshe ke kai wa gare shi. Ɗan'uwansa na Madagaska, Angraecum sesquipedale, bututunsa ya kai santimita 30. Da Charles Darwin ya gan shi a 1862 ya ce lallai akwai ƙwaro mai harshe daidai wannan tsawo. Aka yi masa dariya, sai a 1903 aka bayyana ƙwaron, kuma ba a ga yana shan furen ido da ido ba sai 1992.

Mun bi hanyar yamma ta bakin teku har Bakingili, inda narkakken dutsen aman 1999 ya gangaro ya datse titi. Gaba kaɗan Debundscha ce, wadda ruwan samanta ke kai milimita 10,000 a shekara, wato abin da Yola ke samu a shekara goma. Can hatta sandunan waya tsiro ne a jikinsu. Ruwa ya kore mu, muka juyo.

Hawan dutsen daga Buea ake farawa, garin da Jamusawa suka mayar hedikwatarsu a 1901 don gudun zafi da sauron bakin teku. Kawu ya dubi dutsen, wanda ya haura mita 4,000, ya ce shi iyakarsa nan, ya tafi hira wurin mahauta 'yan arewa. Aka haɗa ni da jagora ɗan ƙabilar Bakweri, masu dutsen, domin tun 2009 wurin gandun daji ne na ƙasa kuma ba a shiga sai da jagora.

Gonakin gwaza da ayaba aka fara ratsawa, sannan daji. Duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6, kuma ana ganin haka a jikin itatuwa. Sun gajarta, sun karkace, gansakuka ta naɗe kowane reshe tana ɗigar da ruwa ko ba a ruwan sama, domin gajimare a cikin dajin yake yawo. Manyan okid na bakin teku duk sun ɓace. Kafin mu kai bukka ta farko ta masu hawan dutsen, wadda ke sama da mita 1,800, muka tarar da wani reshe da iska ta karyo ya gitta hanya, tsawonsa bai fi kamu huɗu ba. Jagoran zai tsallake na ce ya dakata. Abin da yake can sama inda ido ba ya kai wa, ga shi an sauko mana da shi. Na tsuguna na ƙirga okid iri uku a kansa. Akwai wani Bulbophyllum mai 'yan ƙululu jere a kan zare, sai wani ɗan zuriyar Angraecum ba fure, sai Polystachya da 'yan furanni masu ruwan ƙwai. Shi Polystachya saukin ganewa gare shi, domin yawancin okid suna murɗa furensu leɓe ya koma ƙasa, shi kuwa leɓensa a sama yake zama. Gidansa yana da nau'i sama da 200, kusan duka a Afirka, ko da yake ɗaya daga ciki, Polystachya concreta, ya kai har Asiya da nahiyar Amurka. Jagoran ya ce a nan ƙasa cikin inuwa ba za su daɗe ba za su ruɓe. Ya ɗaga reshen ya saƙale shi a wata gwafa, muka wuce.

Sama da bukkar kaɗan daji ya yanke tamkar da wuƙa, aka fita fili mai ciyawa da baƙin dutse, ga iska mai sanyi, ga hawa a miƙe. A nan okid ya sauko ƙasa. Cikin ciyawa muka sami Habenaria mannii, tsayinsa ya kusa gwiwa, furanninsa kore-kore, gefen leɓensa ya rarrabu siri-siri, da bututu a baya. Sunan Gustav Mann yake ɗauke da shi, Bajamushen da lambun Kew na Ingila ya turo, wanda ya hau dutsen nan tare da matafiyin Ingila Richard Burton a ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862. Irin waɗannan da dankalinsu suke tsira. In rani ya zo, ko mafarauta suka cinna wa ciyawa wuta, abin da ke sama ya ƙone, dankalin yana ƙasa yana jiran ruwa. Haka Eulophia cristata take yi a dazuzzukanmu na arewa, mai furanni shunayya da ke ɓullowa a ƙonannen fili gab da faɗuwar damina tun ganye bai fito ba.

Kusa da shi wani ya riga ya yi kwanso ya bushe. Na ɗan ƙwanƙwasa shi a tafin hannuna, sai wani gari mai laushi ya zubo, kafin in kai madubi iska ta kwashe rabinsa. Iri ne, dubbai a kwanso guda. Ƙwayar gero tana zuwa da guzurinta, shi ya sa take tsirowa duk inda ta sami danshi. Irin okid ba shi da guzuri ko kaɗan. Sai ya faɗa inda wani naman gwari da ya dace da shi yake, zaren naman gwarin ya shige shi ya ciyar da shi har ya yi ganye. Iska tana iya kai irin ko'ina, amma sai wurin da naman gwari da danshi da haske da ƙwaron barbara suka haɗu zai zauna. Wanda bai da tsirfa sai ya mamaye duniya, irin Oeceoclades maculata, ɗan Afirka da yanzu ya bazu daga Brazil har Florida. Mai tsirfa kuwa yana iya ƙarewa a daji guda. A 1986 aka bayyana wani mai furanni ruwan lemo daga dajin kogin Mungo kusa da Kumba, aka ba shi gida nasa shi kaɗai da sunan Ossiculum aurantiacum, aka kuma yi shekaru ba a sake ganinsa ba. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna ɗan gidan Calyptrochilum ne, aka mayar da shi can. Irin wannan sauyin suna yana ba malamai ciwon kai, amma ya fi a ci gaba da koyar da zumuntar da babu ita.

Daga filin nan, in gajimare ya buɗe, mutum yana tsaye ne a kan ɗaya daga jerin duwatsun da suka taso daga Bioko, suka bi ta Kupe da Manengouba da tsaunukan Bamenda, suka shiga Najeriya ta Obudu da Mambila da Chappal Waddi. Kowannensu tsibirin sanyi ne a tsakiyar ƙasa mai zafi, kuma gidajen okid ɗin ƙasa da ke kansu, Habenaria da Disa da Satyrium, su ne dai ake samu a tsaunukan Habasha da na kudancin Tanzaniya. Ɗalibin da ke Gembu ba ya bukatar fasfo kafin ya ga danginsu, ciyawar bayan makarantarsa ta ishe shi in shanu da wuta sun bar masa. A Tanzaniya da Zambiya dankalin waɗannan gidaje uku ake haƙa a yi wani abinci da ake kira chikanda, kuma cinikinsa ya yi ƙarfin da yana cikin dalilan kafa gandun Kitulo a 2005.

Ban nemi ƙoli ba, abin da na zo gani ya ƙare a nan. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

A bakin titi a ƙasan Buea akwai masu sayar da furanni a tukwane. Wurin ɗaya daga cikinsu na hangi guntayen rassa a rataye da waya, kowanne da okid a manne, gansakukar dutse ba ta ko bushe ba. Duk dangin okid yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta hana a tsallaka iyakar ƙasa da shi sai da takardar izini, amma cinikin cikin gida irin wannan ba ta kai gare shi. Na tambayi saurayin daga ina, ya nuna sama da haɓarsa. Ya ce jaka biyar na sefa, in da gaske nake zai rage. Masu otal da masu manyan gidaje a Duwala su ne masu saye. Na ce masa abin da ya saba da sanyin mita 2,000 yaya zai yi da zafin Duwala.

"Yana yin wata biyu, wani ma uku," in ji shi. "In ya mutu sai su dawo su sayi wani."